Injiniya Ya Kawo wa Layinmu Wuta

Ni mai aski ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe kawunan mutane a layin nan, kuma har yau ban riƙe kan da ya cika da shiri kamar na Injiniya ba.

Sunan nan ba makaranta ce ta ba shi ba, shi ya raɗa wa kansa. Mako uku ya yi yana aiki a shagon wata Hajiya mai sayar da kayan sola a bakin babban titi, aikinsa kuma sauke kwalaye daga mota. Amma da ya dawo mana, da hular kwano ya dawo, da abin gwada wuta a aljihun gaba kamar biro. Ko aski ya zo, sai mun yi ciniki kafin ya yarda ya cire hular.

Layinmu shaguna shida ne a jere, rufin kwano ɗaya ya haɗa mu. Wutar gari baƙuwa ce, ta leƙo ta gaishe mu ta wuce. Abin da ke riƙe da mu wani tsohon janareta ne da muke kira Mai Tari, don ba ya minti biyar bai yi tari uku a jere ba. Shi ke juya injin askina, da keken ɗinkin Tela, da firizar Inna mai ƙanƙara. Shi ne kuma ke shanye ribarmu a mai. Da abin ya ishe mu, muka haɗa hannu muka sayo farantin sola huɗu a wurin Hajiya, da batir, da inbata, wato akwatin da ke mayar da wutar batir irin wadda ake jona kaya. Hajiya ta ce mu jira mako ɗaya, ma'aikatanta za su zo su haɗa mana.

Injiniya na jin haka ya haye kan bencin ƙofar shagona.

"Waɗanne ma'aikata? Waɗanda ni na koya wa riƙe filaya? Ku faranti huɗu kuke gani, ni kamfani nake gani! Tela, kafin shekara ta zagayo kana da teloli goma a ƙarƙashinka. Inna, firiza biyar, da mota mai kai ƙanƙara gida-gida. Kai kuma mai aski, kujera shida. Mutum arba'in za su ci abinci a layin nan, duk wanda ke zaman banza ya zo ya rubuta suna."

Inna ta ce, "Ɗan nan, ni dai wannan ɗayar ta yi sanyi, na gode Allah."

"Matsalarku ke nan, Inna, ƙaramin tunani."

Nan take ya naɗa ƙanin matarsa manaja. Dogo muke ce masa, mutum ne mai shiru-shiru, shekara biyu da gama karatu yana yawon neman aiki har takalminsa ya cinye.

Dogo ya ce, "Yaya, albashin fa?"

Injiniya ya nuna rana da ɗan yatsa. "Ga shi can, kullum yana fitowa."

Muka yi dariya, muka bar masa kayan, muka aika wa Hajiya cewa ba sai ma'aikatanta sun zo ba. Laifinmu ke nan, ba na musu.

Washegari muka tarar ya jera farantan huɗu a cikin baranda, ƙarƙashin inuwa, ya ɗaure su da sarƙa a jikin ginshiƙi.

Tela ya tsaya yana kallo, tef a wuya. "Injiniya, ni na ɗauka a sama ake sa su."

"A sama? Ka sa wa ɓarawo kaya a inda ba ka gani?"

"To rana ta ina za ta shigo?"

"Ita rana ba ƙofa take bi ba. Taɓa bangon nan ka ji. Da zafi ko babu?"

"Da zafi."

"To shi ke nan, ta shigo."

Kwana biyu batir bai ko motsa ba. A rana ta uku Injiniya ya sanar da mu cewa zangon gwaji ya kammala cikin nasara, yanzu za a shiga zango na biyu, wato hawa rufi.

Ya hau da hularsa, yana ba Dogo umarni daga sama, yana tafiya da baya don ya hango inda ya fi kyau. A lokacin Tela na duƙe a kan keke, yana fama da kayan 'yan makaranta guda sittin da ya yi alkawarin kaiwa ƙarshen wata. Sai muka ji ƙarar kwano, ɓurum! Na ruga shagon Tela, na tarar da ƙafar Injiniya har cinya tana lilo daga rufi, takalminsa ya faɗo daidai kan wandon da ake ɗinkawa.

Tela ya tsayar da keke. Ya tashi, ya zare tef daga wuya, ya auna ƙafar daga gwiwa zuwa idon sawu.

"Mai faɗi kake so ko matsattse?"

Daga sama murya ta sauko. "Ƙarfin rufin nake gwadawa."

"To yaya ka same shi?"

"Bai ci jarrabawa ba."

Sai da mutum uku suka zaro shi. Ya zauna a shagona ana shafa masa magani a ƙwauri, shi kuma Dogo ya ɗauko 'yar takardar da ta zo a cikin kwali, wadda Injiniya ya yi fifita da ita kwana uku bai buɗe ba. Ya karanta ta daga farko har ƙarshe, ya hau rufi shi kaɗai. Kafin la'asar firizar Inna ta fara gurnani, ba hayaƙi, ba tari.

Kwana huɗun da suka biyo baya, wallahi ban taɓa ganin layinmu haka ba. Muka ture Mai Tari lungu. Inna ta sayar da ƙanƙara har da ta gobe. Tela ya kira wani abokin sana'arsa da ya rufe shago saboda tsadar mai, ya ba shi keke na biyu. Ni kuwa a karon farko na ji abin da masu aski ke faɗa mini ba sai sun yi ihu ba, na gane ashe rabinsu ƙorafi suke yi. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da aiki, Dogo."

Wannan gaisuwar ce ta hana Injiniya sakat.

Ya sake hawa benci, yana ɗingishi. "Haɗa waya ai ƙaramin aiki ne, shi ya sa na bar wa manaja. Babban ilimi shi ne tattalin wuta. Rufin nan yana shan zafi, ku kuma kuna ta kunna fanka. A yi masa farin fenti, zafi ya koma inda ya fito, wutar fanka ta koma kan keke da firiza."

Dogo ya ce, "Wannan kam gaskiya ne, Yaya."

Jin Dogo ya yarda, muka yarda. Ranar Lahadi, shaguna a rufe, Injiniya ya hau shi kaɗai da bokiti da buroshi. Abin da ba mu sani ba sai daga baya shi ne, da ya gama da kwano, ya dafa faranti ɗaya ya ji ya ƙona masa hannu. Ya dube su baƙaƙe ƙirin a tsakiyar farin rufi, suna gasuwa. Tausayi ya kama shi. Ya yi musu shafe biyu, har da gefe-gefe.

Litinin da hantsi ina tsakiyar yi wa shugaban makarantar unguwa aski. Na gama ɓangaren dama tas, zan koma hagu, sai inbata ta yi ƙara sau uku, injin ya mutu a hannuna. Shugaban makaranta ya dubi madubi, ya dube ni.

"Ina da taro da iyayen yara nan da rabin awa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka zauna ta yadda dama za ta fuskance su?"

Bai yi dariya ba. Da almakashi na ƙarasa, ya fita kansa kamar gonar da awaki suka shiga.

Kafin azahar ruwa ya fara gangarowa daga shagon Inna har bakin titi. Muka kewaye Injiniya. Ya sa hannu a goshi, ya ɗaga kai ya daɗe yana nazarin sama.

"Na gano matsalar. Ranar ce ta yi sanyi."

Inna ta riƙe ƙugu. "Ranar da ta narkar mini da ƙanƙara buhu huɗu, ita ce ta yi sanyi?"

"Zafi daban, ƙarfi daban, Inna. Wannan zafin banza ne, babu wuta a cikinsa."

Dogo ya ce bari ya hau ya duba. Injiniya ya riga shi kai wa tsani, ya ɗaure shi da sarƙar nan, ya jefa makulli a aljihu. "Manaja ba ya hawa rufi. Ka riƙe girmanka."

Haka muka jawo Mai Tari daga lungu, muka ba shi haƙuri, muka zuba masa mai. Abokin Tela ya naɗe almakashinsa ya koma gida. Tela ya daina amsa gaisuwar Injiniya.

Wani mutum da sai ya ɓuya kwana biyu. Shi kuwa Laraba da safe sai ga shi da dogon ƙarfen famfo a kafaɗa, da fankar sama mai fiffike uku a hammata.

"Rana ta ci amanarmu, za mu koma iska. Iska ba ta faɗuwa da magariba. Fanka idan ka ba ta wuta, iska take bayarwa. To idan ka ba ta iska, me za ta bayar?"

Shi ya amsa wa kansa.

"Wuta mana! Lissafi ne."

Yana cikin kafa ƙarfen a gaban shagona sai ga matarsa, Maman Biyu, tagwayenta ɗaya a baya ɗaya a hannu. Ita kaɗai ce a duniya ba ta kiransa Injiniya.

"Baban Biyu, ina fankata?"

"An yi mata ƙarin girma."

"Na shiga wanka da fanka a ɗaki, na fito na tarar da rami da waya biyu suna kallona."

"A da mutum huɗu take yi wa aiki, yanzu shago shida za ta riƙe. Ki yi alfahari."

"Yaran nan tun safe suke kuka don zafi."

"Idan sun girma za su karanta sunan ubansu a littafi."

"Za su karanta, amma ban san a wane shafi ba." Ta gyara goyo ta juya.

Ya sa Asabar ranar buɗewa. Ya rubuta takardun gayyata da hannunsa, ya kai wa 'yan kasuwar layuka uku da ke kusa da mu, ya kai wa Hajiya mai sola har shagonta. Ya aro kujeru da lasifika. Ya ce mu ƙara haƙuri da Mai Tari zuwa Asabar, daga ranar sai dai a kai shi gidan tarihi.

Asabar ta zo. Tun da nake ban taɓa ganin rana mara iska irin wannan ba. Ko ledar da ke kan titi ba ta motsa. Fanka na can ƙolin ƙarfe tsaye cak kamar hoto. Kujeru suka cika, Hajiya ta zo ta zauna a gaba, Maman Biyu na can baya ta haɗe rai. Injiniya ya lashi ɗan yatsa ya ɗaga sama, ya juya gabas, ya juya yamma. Sai ya ja Dogo gefe yana masa raɗa, Dogo na girgiza kai, shi yana matsa masa.

Shagona yana da ƙaramar taga ta baya. Ta nan na ga Dogo ya jawo Mai Tari cikin lungu, ya jona masa wayar da ta bi bayan ƙarfen ta hau har wurin fanka, ya kuma jona wayar shaguna. Sannan Injiniya ya shigo da katifa a ka, ya kifa ta a kan janaretan don ta danne ƙara. Na so in yi magana. Amma ni ma ɗan Adam ne, ina son in ga ƙarshen abin.

Aka ƙure kiɗa a lasifika. Injiniya ya yanke ƙyallen buɗe taro da Tela ya ba shi ba da son ransa ba, ya daka tsawa, "A saki iska!"

Fanka ta fara juyawa. Ƙwayayen fitila suka kama a shago shida. Wuri ya ɗauki tafi, har Inna ta yi guɗa. Injiniya ya cire hula ya rusuna, ya mayar, ya sa aka kashe kiɗa don ya yi jawabi.

"Jama'a, abin da kuke gani mafari ne. Kowane layi zai samu irin wannan. Masu walda za su samu aiki, masu sayar da ƙarfe, masu fanka…"

Daga lungu Mai Tari ya yi tari uku.

Injiniya ya kai lasifika baki ya yi nasa tarin uku.

Hajiya ta ce, "Sannu. A kawo maka ruwa?"

"Na gode, Hajiya, ƙurar aiki ce."

Wani mai walda daga layin baya ya ɗaga hannu. "Injiniya, ni fa ban gane ba. Takardar hannunka ba ta motsi, tutar can ba ta motsi. Wace iska ke juya fankar?"

"Iskar sama. Ta ƙasa daban, ta sama daban."

"To ni da ke ƙarƙashinta, iska nake ji tana sauko mini a ka."

"Rara ce. Idan ta gama yin wuta, abin da ya saura take raba wa jama'a kyauta."

Mai Tari ya sake tari, wannan karon har biyar. Injiniya ya bi shi, ya yi huɗu numfashi ya ƙare masa, na biyar ya fito shi kaɗai daga bayan shaguna. Mutane suka fara waige. Wata mata ta ce tana jin ƙauri. Sai ga baƙin hayaƙi ya taso ta saman farin rufinmu, ga Dogo ya fito a guje, fuskarsa duk baƙi.

"Yaya! Katifar ta kama!"

Maman Biyu ta miƙe a hankali. "Wace katifa?"

Muka ruga lungu da bokitai, har ruwan firizar Inna ya yi amfani ranar. Mai walda ya kashe janareta, muka janye katifar muka tattake ta. Allah ya taimaka ba ta taɓa tankin mai ba. Da hayaƙi ya lafa, layi uku da Hajiya suka tsaya suna kallon wayar da ta fito daga cikin Mai Tari, ta bi bango, ta hau ƙarfe. A sama fanka ta yi juyi biyu na ban kwana ta tsaya.

Mai walda ya ce, "Ashe iskar sama fetur take sha."

Dariyar da aka yi, har masu wucewa a titi suka tsaya. Injiniya ya yi tsuru-tsuru, hula ta karkace, Maman Biyu na tsaye a gabansa riƙe da kusurwar katifarta da ta ƙone.

Hajiya ba ta yi dariya ba tukuna. "Ina farantan da na sayar muku?"

Injiniya ya ce, "Suna sama, Hajiya. Sai dai ranar bana…"

"Kawo makullin tsani."

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta hau da kanta. Can sai muka ga ta zauna daɓas a kan rufi, kafaɗunta na rawa, tana share hawaye.

"Wa ya yi wa farantaina kwalliya?"

Injiniya ya dubi ƙasa. "Zafi suke sha, Hajiya. Tausayinsu na ji."

"Bawan Allah, hasken nan shi ne abincinsu! Ka rufe musu baki, ka zo kana zagin rana."

Inna ta ce, "Ai sai ka nemi gafararta."

Hajiya ta bi wayoyin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi wanda ya haɗa. Muka nuna Dogo, yana can yana goge fuska da gefen riga. Ta ce aikin ya fi na wasu ma'aikatanta tsafta, ya same ta a shago Litinin da safe. Da ta sauko ta shiga shagon Tela ta tsaya, ta ɗaga kai.

"Amma fentin rufin nan dabara ce mai kyau. Ku shigo ku ji sanyi, ko fanka babu."

'Yan layukan nan uku suka yi ta shiga suna fita suna jinjina kai. Injiniya ya fara gyara zaman hularsa.

Hajiya ta miƙa masa wani ɗan faifan roba. "Kar ka sa ƙarfe, kar ka sa wuƙa. A hankali, har sai na ga fuskata a ciki."

Kwana uku ya yi a kan rufi yana kankara. Duk wanda ya wuce ya tambaya, sai ya leƙo ya ce zango na huɗu ake ciki. A rana ta huɗu firiza ta koma gurnani, abokin Tela ya dawo da almakashinsa, kayan makaranta suka fita saura kwana ɗaya wa'adi ya cika. Layuka biyu cikin ukun suka je wurin Hajiya suka ce su ma a yi musu, farantai da farin rufi duka. Hannu ya yi mata kaɗan, ta ɗauki wasu mutum biyu daga unguwarmu ta haɗa su da Dogo.

Bayan wata guda Injiniya ya zo aski. Ya zauna, ya ɗora hula a gwiwa, yana kallon kansa a madubi.

"Mai aski, tsakaninka da Allah, na ce zan samar da aiki ko ban ce ba? Ƙirga. Dogo da mutum biyu, uku. Tela ya ɗauki abokinsa da wani yaro, biyar. Inna ta ɗauki mai kai mata ƙanƙara, shida."

Na ce, "Ka manta da mai gyaran rufi, da mai ɗinkin katifa, da mai gyaran fanka."

"Ka gani? Tara! A wata ɗaya! Wa ya taɓa yin haka a layin nan?"

Sai muka ji murya daga ƙofa. "Goma ne."

Maman Biyu ce, da wani faffaɗan kwali a hannu. Mai gyara ya ce mata fankar sai wani mako, don haka kullum da azahar akwai mai zama a gaban tagwaye yana yi musu fifita har su yi barci.

"Baban Biyu, lokacin aiki ya yi."

Ya tashi, na kakkaɓe masa wuya. Ya sa hularsa, ya karɓi kwalin, ya jujjuya shi yana dubawa gaba da baya kamar sabon inji. A bakin ƙofa ya waigo, ya kaɗa mini shi sau biyu a fuska.

"Ka ji ƙarfi? Kuma ka lura, ko ɗigon mai ba ya sha."